Ba Koko, Ba Waakye, Ba Tuwon Zafi: Mai Ciwon Sukari Zai Iya? Amsa Ga Wata Hajiya Daga Aboabo

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, mazauniyar Aboabo a nan Kumasi. Shekarunta 54, tana da ciwon sukari nau'i na biyu tun shekara uku da suka wuce, ga kuma hawan jini. Tana shan metformin da glibenclamide. Ɗanta da ke Amurka ya turo mata bidiyo ta WhatsApp, ana cewa mai ciwon sukari ya yi bankwana da shinkafa da tuwo da burodi da duk abin da ke da sitaci, cutar za ta tafi. Sai take tambaya: in ta bar koko da waakye da tuwon zafi, me ya rage mata? In kuma ta bar su, za ta iya ajiye maganin?

Hajiya, sannu da jiki, Allah Ya ƙara afuwa. Ɗanki bai turo miki shirme ba. Rage abinci mai sitaci hanya ce da likitoci suka yarda da ita, ni ma da ita nake fara wa mafi yawan masu zuwa wurina. Amma ina roƙonki, kada ki wayi gari gobe ki yanke tuwo da shinkafa alhali kina kan wannan maganin. Da maganar maganin zan fara, domin a nan hatsarin yake, kuma masu bidiyo ba su cika faɗarsa ba.

Duk abin da ke da sitaci, ko masara ne, ko gero, ko rogo, ko doya, ko shinkafa, in ya shiga ciki yakan narke ya koma sukari kafin ya shiga jini. Harshe ba ya jin zaƙin tuwo, amma jini yana karɓarsa a matsayin sukari. Jikin mai lafiya yakan saki insulin ya kwashe sukarin nan ya kai wa tsoka da hanta. A jikinki insulin ɗin yana nan, sai dai bai wadatar ba, kuma jikin ba ya sauraronsa yadda ya kamata. To magungunanki biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Metformin yana hana hanta zubo sukari da yawa cikin jini, kuma shi kaɗai da wuya ya kayar da sukarin mutum ƙasa da ƙima. Glibenclamide kuwa tilasta wa jiki yake yi ya fitar da insulin, ko kin ci ko ba ki ci ba, kuma yana daɗewa a jiki. Ke kin fi ni sanin ɗinki: a kan awon abincin da kike ci yau aka yanka miki wannan maganin. In abincin ya ragu da rabi, maganin yana nan yadda yake, to ya yi miki yawa ke nan, sukarin zai faɗi.

Faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin kisa. Hawan sukari shekaru yake ɗauka yana cin ido da ƙoda da ƙafa, faɗuwarsa kuwa cikin awa guda tana iya sumar da mutum a rumfarsa. Alamunta rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, sai mutum ya fara magana ba kan gado. In na'urar gwajin sukari ta nuna ƙasa da 3.9, ko kin ji waɗannan alamu kuma babu na'ura a kusa, ki jiƙa sukari cokalin shayi huɗu a ruwa ki sha, ko ki sha rabin ƙaramar kwalbar lemo, ki jira minti 15 ki sake gwadawa, sannan ki ci abinci. Ki ajiye sukarin ƙwaya a jakarki, ki kuma gaya wa yaran shagonki da maƙwabciyar rumfarki abin da za su yi. In mutum ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi, ko a kira 112. Kuma wanda glibenclamide ya kayar masa da sukari, ko ya farfaɗo a kai shi a duba shi, don yana iya sake faɗuwa bayan 'yan awoyi.

Saboda haka matakin farko shi ne ki koma wurin likitan da ke duba ki, ko a Komfo Anokye ne ko a asibitin unguwa, ki ce masa kina so ki rage sitaci, ya duba miki glibenclamide ɗin. Galibi akan rage shi, ko a canza shi da wani mai sauƙin hatsari kamar gliclazide, ko a cire shi a bar metformin. Masu allurar insulin ma haka, musamman irin gaurayen nan da ake yi safe da yamma. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi masu fitar da sukari ta fitsari, irin su dapagliflozin da empagliflozin. Duk mai shan su bai kamata ya yanke sitaci ƙwarai ba, domin jininsa na iya yin tsami har ya kai shi gadon asibiti alhali na'ura tana nuna sukarinsa lafiya lau. Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da yaro mai nau'i na ɗaya, su ma ba su shiga wannan tsari sai da likita a gefe. In ba za a samu wannan kulawa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hanyar ita kanta tsohuwa ce. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, hana sitaci shi ne kusan duk abin da likitoci ke da shi. A 2019 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta fitar da matsaya cewa cikin duk dabarun abinci, rage yawan sitaci da sukari ne ya fi samun hujja wajen saukar da sukarin jini. Sai dai ragewar hawa-hawa ce. In mutum yana cin sitaci da sukari ƙasa da giram 130 a yini, ya shiga sahun masu ragewa. In ya sauka ƙasa da giram 50, wannan shi ne mai tsananin da ake kira kito, kuma shi ne masu bidiyo suka fi tallatawa. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa a wata shida na farko masu rage sitaci sun fi samun saukar sukari, amma zuwa shekara guda tazarar ta ragu sosai. Babban dalili shi ne mutane suna gajiya su koma gidan jiya. Shi ya sa ni ba na ɗora mace irinki a kan giram 50. Kina da miji da 'ya'ya da jikoki, tukunya ɗaya ake ɗorawa, ga suna da biki kowane mako. Tsarin da zai sa ki zama baƙuwa a gidanki ba zai kai Sallah ba. Wajen giram 100 zuwa 130 nake nufa da ke, wato kamar giram 30 zuwa 40 a kowane zaman cin abinci.

Don ki ga nisan tafiyar, mu duba yini guda irin namu na zango. Da safe koko babban kofi da sukari cokali uku, da burodi ko pinkaso. Da rana waakye a ganye, an zuba taliya, an barbaɗa gari, an ɗora soyayyar agada. Da la'asar kwalbar malta mai sanyi ko burkina. Da dare tuwon zafi malmala biyu. A ƙiyasina wannan yinin ya haura giram 300 ba tare da kin ji kin yi wani almubazzaranci ba. Shinkafa dafaffiya kofi ɗaya kaɗai tana da wajen giram 45. Burodi rabin nauyinsa sitaci ne. Gari kuwa kusan dukansa sitaci ne, shi ya sa ɗan barbaɗen nan da ake rainawa yake da nauyi a jini.

Mutane kan ce min, ai kakanninmu tuwo suka ci har suka tsufa, ba su san ciwon sukari ba. Haka ne, amma su suka noma, su suka daka, su suka ɗebo ruwa, kuma ba su san lemon kwalba ba. Wani babban bincike mai suna RODAM da aka wallafa a 2016 ya gwada 'yan Ghana a ƙauyukan Ashanti da biranen Kumasi da Obuasi da kuma waɗanda ke zaune a Turai. A birni an samu kusan mutum ɗaya cikin goma da ciwon sukari, a ƙauye kuwa wajen rabin haka. Jini ɗaya, zama daban. Ke kina zaune a rumfa tun safe har yamma, abinci na zuwa ya same ki.

Abu mafi sauƙi kuma mafi riba shi ne ki fara da abin sha. Sukarin da aka sha ya fi wanda aka tauna saurin shiga jini, kuma ba ya ƙosarwa. Gwangwanin lemo guda yana da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi tara. Malta da ake ba mara lafiya wai don ƙarin jini ba ta gaza haka ba. Sobolo da lamurje da burkina na sayarwa cike suke da sukari, haka shayin da aka kwarara wa madarar gwangwani mai zaƙi ko Milo. Ki dafa zoɓonki a gida da citta da kanumfari ba sukari, ki sa a firji, ki tafi da shi kasuwa a gora. Makon farko zai yi miki lami, daga baya harshe yana sabawa. Zuma ma sukari ce a wurin jininki, cokali babba ɗaya yana da giram 17, duk da albarkar da ke cikinta. Akwai waɗanda daina shan zaƙi kaɗai ya sauko musu da sukari sosai tun kafin a taɓa tuwonsu.

Karin kumallo ne zai fi ba ki wuya, na sani, don bazange da koko sai Allah. Matsalar koko ita ce an niƙa geron ya yi laushi, an tace dusar, an dama shi ruwa-ruwa, ga sukari a kai, don haka yana shiga jini da gudu. Ki juya lissafin: ƙosai ya zama shi ne abincin, koko ya zama ɗan rakiya. Ƙosai huɗu ko biyar da dafaffen ƙwai, da koko rabin ƙaramin kofi ba sukari, ki bar burodi da pinkaso da masa. Wata ranar ki soya ƙwai biyu da albasa da tumatir da kabeji, ki sha shayi da madara marar zaƙi. Tubani da ɗan mai da yaji ma yana da kyau, tunda wake ne. In kin gwada kin ga ko rabin kofin koko yana harba miki sukari, to ki mayar da shi na ranar Juma'a kawai.

Waakye ba sai kin rabu da shi ba. Abin da ke ɓata shi shi ne tarin da ake yi masa: shinkafa sitaci, taliya sitaci, gari sitaci, agada sitaci, huɗu a ganye ɗaya. Ki ce wa mai waakye ta zuba miki ludayi ɗaya, ba taliya, ba gari, ba agada, kuɗin da za ki kashe a kansu ta sa miki ƙwai da kifi da ganyen salak mai yawa. Wele, wato ganda, yana da daɗin tauna kuma ba ya ɗaga sukari, sai dai bai kai kifi ko ƙwai gina jiki ba. In a gida ake dafawa, a rinjayar da wake a kan shinkafa. Wake yana da nasa sitacin, amma ɓawonsa da sinadarin gina jikin da ke cikinsa suna sa ya narke a hankali, ya kuma riƙe ciki har yamma.

A tuwon dare kuwa mun yi sa'a, domin miyarmu ita ce ainihin abincin mai ciwon sukari. Ayoyo, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, kuka, alayyafo, zogale, kontomire da agushi, miyar gauta, miyar gyaɗa, duk sitacinsu kaɗan ne. Mun saba tuwo ne sarki, miya ta zama abin shafawa. Ki mayar da miya ta cika kwano, da kifi ko nama a ciki, tuwon kada ya wuce dunƙulen hannunki, ki fara shan miyar da cokali kafin ki kai loma. Fara cin ganye da nama kafin sitaci yana rage yadda sukari ke tashi bayan cin abinci, an gwada an gani. Haka za ki yi da banku da fufu da tuwon shinkafa. Dokunu guda ya yi miki yawa, ki raba biyu ko uku, ki ƙara kifi da barkono. Kuma ki ci da wuri. In kin ci bayan Magariba, ki taka zuwa Isha'i ko ki zagaya gida na minti goma zuwa sha biyar, tsoka za ta janye wani ɓangare na sukarin tun kafin ki kwanta. Ba sai an ɗora miki tukunya daban ba, kuma in duk gidan suka koma yawan miya da ƙarancin tuwo alheri ne gare su, tunda cutar tana bin jini.

Akwai abincin da ake ce wa "na masu sukari" da nake so ki yi hattara da su, don sun yaudari mutane da yawa. Burodin alkama mai ruwan ƙasa, tuwon alkama, ɗanyar agada, acca, gero, dawa, ots. Wasunsu sun fi farar shinkafa ɗan jinkirin narkewa, amma dukkansu sitaci ne, in kin cika kwano da su sukari zai hau. Na sha ganin wanda ya bar shinkafa ya koma cin ɗanyar agada huɗu a zama ɗaya yana mamakin me ya sa ba a ga canji ba. 'Ya'yan itatuwa kuma ki ci su da tsokarsu, kada ki matse ruwansu. Lemo ɗaya, ko yankan gwanda, ko gwaiba, ya isa a lokaci guda. Mangwaro da abarba da nunanniyar ayaba sai kaɗan. Fiya da kwakwa da kokwamba da gyaɗa cikin tafin hannu su ne abin taɓawarki in yunwa ta taso a kasuwa. Shuwaka, prekese, ruwan kuɓewa, kirfa da sauran abin da ake tallatawa a mota da rediyo, a miya ba laifi, amma babu wanda ya isa ya maye gurbin magani, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba suna iya lalata ƙodar da muke ƙoƙarin karewa.

Duk abin da na faɗa miki ƙiyasi ne, mai yanke hukunci ita ce na'urar gwajinki, domin jiki ya bambanta. Akwai wadda doya ke ɗaga wa sukari fiye da shinkafa, akwai wadda akasin haka. Ki gwada kafin ki fara ci, ki sake gwadawa bayan awa biyu daga lomar farko. Abin da ake so ga mafi yawan manya shi ne 4.4 zuwa 7.2 kafin cin abinci, ƙasa da 10 bayan an ci. In kin ga ya wuce 10, ko ya ƙaru da fiye da 3 a kan na farko, to wannan kwanon ya yi yawa, gobe ki rage ki sake dubawa. Tsinken gwaji yana da tsada, na sani, don haka ba sai kowane abinci ba. Yau ki gwada na safe, jibi na rana, wata ranar na dare, ki rubuta a littafi tare da abin da kika ci. Cikin wata guda za ki san abincinki fiye da yadda ni zan iya gaya miki. In ɗanki ya aiko miki da na'ura daga Amurka, za ki ga lambobinta manya, 126 ko 180, kada ki firgita. Ma'auninsu ne daban, ki raba da 18 ki samu irin namu: 180 shi ne 10, 126 shi ne 7, 70 kuma shi ne 3.9.

Maganar kuɗi gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Sitaci shi ne abinci mafi araha, shi ya sa talaka ke cika ciki da shi. Masu bidiyo suna nuna nama da man shanu da cuku na kanti, amma ba a nan kaɗai abin yake ba. Ƙwai, busasshen amane, wake, gyaɗa, agushi, awara, wagashi, kabeji da gauta duk suna Kasuwar Asawase da bakin titin Aboabo. Kuɗin malta da burodi da taliya da aka daina saye yana biyan wani ɓangare. Katin inshorar lafiya na NHIS kuma ki tabbata bai mutu ba, domin metformin da insulin suna cikin magungunan da yake ɗauka.

Tunda kina da hawan jini, kada gudun sitaci ya jefa ki cikin gishiri da maiƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da kobi da momoni da shito da yajin cicinga duk suna cikin lissafin. Daddawa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano ba tare da an jefa dunƙule huɗu ba. Man ja da man gyaɗa a sa daidai, kada miya ta yi iyo. Kifi da wake su fi jan nama yawa a makonki. Wasu in sun koma cin kitse da yawa, kitsen jininsu yakan hau, ga shi mai ciwon sukari abin da ya fi yi masa barazana shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ki sani kuma in kin rage sitaci jiki yakan zubar da ruwa da gishiri a makonnin farko, jini yana iya sauka, har ki ji jiri in kin miƙe. In haka ta faru a auna ki, wataƙila maganin hawan jinin ma yana son ragi. Ciwon kai da kasala da taurin bayan gida na 'yan kwanaki sukan zo, yawan ruwa da ganye ke maganinsu.

Wurin suna da biki da addu'ar mamaci ne mutane suka fi zamewa, don a zango ƙin cin abincin mutane abin magana ne. Kada ki je da yunwa. Ki karɓi kwanonki da godiya, ki ci nama da salak da 'yan cokula na jalof, ki rufe sauran ki kai wa jikoki, malta kuma ki sa a jaka. Ki daina ɓoye cutar ga ƙawayenki. Ranar da kika faɗa za ki tarar rabin waɗanda ke kan tabarmar suna da ita ko suna jinyar mai ita.

Azumi ma yana tafe kowace shekara. Ki ga likita wata ɗaya da rabi ko biyu kafin Ramadan a tsara miki magani, don glibenclamide da azumi ba su jituwa. Buɗa-bakinmu na koko da masa da pinkaso da lamurje a lokaci ɗaya yana iya harba sukari sama da na kowane lokaci a shekara. Ƙaramin dabino ɗaya ko biyu da ruwa, sai miya ko farfesu, a yi Magariba, sannan a ci abinci irin wanda na bayyana. Sahur a jinkirta shi, a ci ƙwai ko wake. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. In na'ura ta nuna ƙasa da 3.9 ko sama da 16.6, ko jikinki ya rikice, ki karya azumin nan take ko da saura minti goma, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara.

Sai tambayarki ta biyu, ko za ki iya ajiye magani. Yana yiwuwa ga wasu, amma likita ne zai ajiye miki, a hankali, yana duba littafin gwajinki. Likitoci ba sa cewa an warke, sukan ce cutar ta lafa, wato gwajin jini na HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na watanni, ya zauna ƙasa da 6.5 har aƙalla wata uku ba tare da magani ba. A wani gwaji mai suna DiRECT da aka yi a Birtaniya, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka ɗora a kan tsarin rage ƙiba sun kai wannan matsayi bayan shekara guda, kashi 36 suna nan a kai bayan shekara biyu, kuma cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne suka samu. Su ba sitaci kaɗai aka rage musu ba, abincin gaba ɗaya aka rage, wanda ke nuna cewa kitsen da ya taru a hanta da cikin ciki shi ne babban abin da ake son kawarwa. Waɗanda cutarsu ba ta daɗe ba sun fi dacewa, kuma shekara uku ba ta yi nisa ba, don haka kina da dama in kina da ƙiba. In kin rame za a fara tambayarki ko lafiya, ki ce lafiya lau, da gangan ne. Amma in ƙibar ta dawo cutar ma tana dawowa. In kuma kin yi duk ƙoƙarinki aka ce ki ci gaba da metformin, ba ki gaza ba. Tsohon magani ne mai aminci da araha, kuma mace mai shan ƙwaya ɗaya da sukari a daidai ta fi wadda ta ajiye magani sukarinta na 14 kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

In kin je asibitin, ki nemi a yi miki HbA1c yanzu, a sake bayan wata uku, don shi ke nuna matsakaicin sukarinki na wata biyu zuwa uku. Ki gaya musu in kina da sikila ko kina ɗauke da jinin AS ko AC, ko kina fama da ƙarancin jini, domin waɗannan suna da yawa a cikinmu kuma suna iya sa sakamakon ya karkace, sai a fi dogara da gwajin yatsa. A duba ƙoda ta jini da fitsari kafin ki ƙara yawan nama da kifi, a duba kitsen jini, a duba bayan ido sau ɗaya a shekara, ki kuma cire takalmi a duba tafin ƙafarki ko ba a tambaye ki ba. Tunda kin shekara uku kina shan metformin, in kina jin ƙafafunki suna dindiris ko zafi da dare, ki faɗa, don wani lokaci ƙarancin bitamin B12 ne da maganin ke jawowa, kuma ana gyara shi. In kuwa kika ga sukari ya wuce 16 ya ƙi sauka, ga amai ko ƙishirwa mai tsanani ko numfashi sama-sama, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, ki tafi asibiti a daren.